Yadda Magidanci Zai Kalli Kwaɗo Direban Jirgin Ƙasa Ba Tare da Girmansa Ya Zube Ba

Ka haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemu, sai ga wata tasha ta dawo da katun ɗin yarintarka duk safiyar Asabar. Matsalar ita ce kai ne ka kafa doka a gidan cewa katun ɓata ƙwaƙwalwa ne, ka yi ta wa'azi a kai har matarka ta haddace. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida, na ba ka tabbacin za ka kalli abinka ba wanda ya raina ka. Ni da kaina na gwada su a kan kwaɗon nan mai tuƙa jirgin ƙasa, wanda hularsa ke faɗuwa duk inda ya sha kwana.

1. Samo garkuwa

Babba ba ya kallon katun, sai dai ya sa ido a kan abin da yara ke kallo. Saboda haka sai da yaro. Kada ka ɗauki babban ɗanka, idonsa ya buɗe. Ɗauko auta 'yar shekara shida, ka zaunar da ita gaban talabijin, ka ɗaure fuska ka ce, "Auta, yau na yi miki sassauci, amma sai na tantance shi da idona." In ta ce ita na wayar Mama take so, yi kunnen uwar shegu.

2. Riƙe jarida

Ko ta bara ce, ba komai. Ɗaga ta daidai hanci, ka bar wa ido hanya ta sama. Lokaci-lokaci ka juya shafi, ka ja tsaki. Masana sun tabbatar ba a zargin mai tsaki da jin daɗi.

3. Danne ƙafarka

Da kiɗan buɗewa ya tashi, ƙafa za ta fara kaɗawa, don ita ba ta san girma ba. Danne ta da ɗayar. Zuciya ce ba ta dannuwa. Za ta mai da kai ɗakin maƙwabci, ku goma sha biyu a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, yayanka yana waje yana murɗa sandar eriya yana ihu, "Ya fito?" ku kuna amsawa, "Koma baya kaɗan! Tsaya nan, kar ka saki!" Bawan Allah, shekara uku yana riƙe sanda, bai taɓa ganin kwaɗon nan cikakke ba. Wallahi sai ka ji kewarsa ta kama ka. In ido ya kawo ruwa, ka ce mura ce.

4. Kada ka riga kwaɗo

A nan na fara tuntuɓe. Kai ka san da jirgi ya hau gada hular za ta faɗa kan kifi, kifin ya tafi da ita. Dole ka jira a nuna kafin ka yi dariya. Ni tun jirgin bai bar tasha ba na tuntsire.

Auta ta waiwayo. "Baba, ai ba a yi komai ba tukuna."

Matata ta leƙo daga kicin. "Baban Auta, wane labari ne a jaridar mai daɗi haka?"

Na ce, "Farashin siminti ne."

Ta ce, "Oho. Allah Ya ƙara sauƙi." Ta koma abinta.

5. Kada ka tsaya wa kwaɗo

Yaran yanzu ba su da kara. Auta za ta ce, "Baba, bakinsa kawai ke motsi. Kuma bishiyar nan sau biyar ke nan tana wucewa." Gaskiya ce, shi ya sa take da zafi. Haɗiye ta. Ni kam na kasa. Na sauke jarida na yi mata laccar minti goma kan yadda a da ake zana katun da hannu, takarda bayan takarda. Kafin in kai aya ta zame ta fita, ta bar ni daga ni sai kwaɗo a tsakar falo. Tilas na kashe, jirgi na tsakiyar gada.

6. In garkuwa ta gudu

Haƙura. Asabar ta gaba na kunna tashar labarai, na zauna kamar an aiko mini da mutuwa. Ƙarfe tara daidai sai ga Auta da littafin zanenta. Ta ɗauki rimot, ta canza tasha da kanta, ta zauna gaban talabijin ta duƙufa kan zanenta, ko kallon kwaɗon ba ta yi. Can ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, kalli abinka, zan zauna maka har ya ƙare. Mama ta ce in daina tashi, wai kunya kake ji."

In ka kai nan, ajiye jaridar. Aikinta ya ƙare.

Gargaɗi: Mai wannan shawara ba ya ɗaukar alhakin girman da ya zube, ko dokar gida da ta rushe, ko dariyar da aka yi maka a kicin. In an kama ka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Mai ƙorafi ya kai wa Auta, yanzu rimot a hannunta yake.