Yadda Za Ka Ci Dulcie a Karta da Littafin Gwanjo

Kai ɗan fansho, in kana cikin waɗanda Dulcie, tsohuwar nan mai shekara tamanin da uku, take yi wa ƙarƙaf duk Talata da hantsi a teburin wasan karta na foka a kulob ɗinmu na garin Lithgow, share hawayenka. Bi matakan nan, nasara tabbas. Abokina Clarrie bai tsallake ko ɗaya ba.

1. Rantse a gaban jama'a

Namiji ba ya shiri a ɓoye. Clarrie ya miƙe ya ce in bai ci Dulcie a karta kafin Kirsimeti ba, a aske masa gashin baki. Shekara arba'in yana kiwonsa, kuma a faɗarsa saboda shi marigayiya matarsa ta aure shi.

2. Nemo tsohon littafi

Sababbin na yaran zamani ne masu tura dukiyarsu gaba ɗaya. Mu zubinmu ƙayyadadde ne, dala biyu sai huɗu, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Je shagon gwanjo na coci. Clarrie ya samo nasa mai warin taba, wani gwani har ya cika gefen shafuka da shawarwari da fensir.

3. Karanci jikin abokin wasa

Littafin ya ce mai rawar hannu babbar karta ya riƙe, ka ajiye taka. Gaskiya ne. Sai dai a teburinmu hannun kowa rawa yake yi. Mako uku Clarrie na ajiye karta yana shan shayi.

4. Yi burga

Ƙara zubi, ka tsorata su.

"Na ƙara," in ji Clarrie, yana zare ido.

"Dala huɗun?" in ji Dulcie. "Ƙanena, ko kifi da dankali ba za ta saya ba. Na bi ka."

5. Amince da fensir

A shafi na sittin gwanin ya rubuta: tsohuwa in ta taɓa sarƙar wuyanta, ba ta da komai. Talatar ƙarshe kafin Kirsimeti, Dulcie ta taɓa sarƙa. Clarrie ya ƙara, ta ƙara, ya sake ƙarawa har dokar tebur ta tsayar da shi. Sai ta shimfiɗa kartocin sarki huɗu, ta cinye.

"Shafi na sittin ko?" ta ce, tana jawo tulin gabanta. "Ka iya karanta rubutun nawa kuwa? Ni ke jera littattafan shagon duk Litinin."

"Yaya Dulcie, ba kya tsoron Allah?"

"Ina ji. Ai coci nake yi wa aiki."

Ita ta kawo rezar a jakarta. Na tausaya masa ƙwarai, leɓen nan ya fito fari fat kamar ɓararren ƙwai.

Gargaɗi

Ba ruwan mai wannan rubutu da fanshonka, ko gashin bakinka, ko dariyar da jikokinka za su yi maka. Mai ƙorafi ya same ni ranar Talata kusa da Clarrie. Ba ni da wuyar ganewa, ni aka aske wa gemu bara. A nawa littafin, ɗan kunne ta rubuta.