Mangwaron Manjo

A wani gari da ba sai an faɗi sunansa ba, shekara goma sha uku da suka wuce, dattawa suka zauna suka ce ya kamata a yi wani abin tunawa da 'ya'yan garin da suka rasu a bakin aiki, soja da farar hula. Wani ɗan boko ya kawo shawarar a gina mutum-mutumin soja riƙe da bindiga a shataletale. Liman ya yi masa kallo ɗaya, shawarar ta mutu a nan. Daga ƙarshe aka tsaya a kan lambu. Kowane mamaci za a dasa masa mangwaro guda, a kafa turken ƙarfe a gindinsa, a ɗaure allo mai sunansa da aikinsa da noti biyu. Liman ya ce wannan kam babu laifi, duk wanda ya sha inuwa ko ya tsinki ɗa, lada na tafiya ga mai itacen.

Dashe arba'in da ɗaya aka kawo, daga gandu ɗaya, a mota ɗaya, duk tsayinsu ɗaya. Amma da aka zo jerawa sai aka bi girma: hafsoshi a sahun gaba kusa da ƙofa, ƙananan sojoji da 'yan sanda a tsakiya, malaman makaranta da masu allurar rigakafi da sauran farar hula can baya jikin katanga. Kwamiti ya ce ban ruwa aikin iyalan mamata ne, kowa ya kula da nasa. Aka ɗauki wani tsohon soja mai ɗingishi, Kofur Arzika, ya riƙa buɗe ƙofa da shara da korar awaki. Aka yi addu'a, aka ci shinkafa, aka watse.

A bazarar bana, wata Juma'a da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar lambun. Alhaji Munzali ne, babban ɗan marigayi Manjo Barau, ya zo daga Abuja da matarsa Hajiya Mardiyya da wani mai ɗaukar hoto. Washegari mahaifinsa zai cika shekara ashirin da rasuwa a wajen aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, kuma ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa a yi addu'a a gindin itacensa. Ya zo ne ya ga inda za a jera kujeru, a kuma ɗauki hoton da za a buga a kalanda. Rabonsa da lambun tun ranar dashe.

Ya ɗaga wa Kofur Arzika hannu ba tare da ya tsaya ba, ya shiga, ya ƙare wa wurin kallo. Wasu itatuwan sun tashi daidai gwargwado, wasu sun tsaya rabi, wasu babu komai sai turke. Can jikin katanga kuwa ga wani mangwaro ya yi rumfa, rassansa sun tsallaka har titi, 'ya'ya sun yi masa nauyi.

Alhaji ya nuna shi da baki. "Ga Baba can."

Hajiya ta ce, "Ka tabbata?"

"Haba Hajiya. Ɗa ya kasa gane ubansa?"

Suka ratsa lambun har ƙarshe. Alhaji ya gyara hula, ya dafa jikin itacen, ya ce wa mai hoto ya kunna na'ura, yana da abin faɗa.

"Jama'a ku duba ikon Allah. Iri ɗaya aka dasa, rana ɗaya. Amma asali ba ya ɓuya. Yadda Baba ya yi wa sa'o'insa zarra yana raye, haka itacensa ya yi wa itatuwa zarra. Duk wanda ya san Manjo Barau, in ya ga wannan itacen, ba sai an gaya masa ba." Ya miƙa hannu ya tsinki nunanne, ya goge a hannun riga, ya gatsa. "Kai! Har zaƙin ma irin na gidanmu ne."

Hajiya dai ta matsa kusa. Ta ciro tabarau daga jaka, ta sunkuya a gaban turken, ta daɗe tana dubawa.

"Alhaji."

"Na'am."

"Baba ya taɓa aikin kashe gobara ne?"

"Wace irin gobara?"

"Na ga an rubuta Nomau Sallau, ɗan kwana-kwana, ya rasu a gobarar kasuwa."

Alhaji ya tsaya da mangwaro a baki. Da ya samu ya haɗiye, abin da ya fara faɗa shi ne, "Kai, kashe abin nan." Sannan ya ƙwala wa mai gadi kira.

Kofur Arzika ya iso yana jan ƙafa, ya ƙame, ya sara. Da ya ji abin da ake nema sai ya juya ya yi gaba, suna biye, har suka dawo bakin ƙofa, inda suka wuce ɗazu ba su ko waiwaya ba. Ya tsaya a sahun farko, turke na biyu.

"Ga Manjo, ranka ya daɗe."

Abin da ke gindin turken bai kai ƙugun mutum ba. Kaurinsa kamar yatsa, da ganye 'yan kaɗan a ka.

"Wannan?"

"Shi ne."

"Wannan ai asuwaki ne!"

"Jiya ganyensa goma sha ɗaya, ranka ya daɗe. Akuya ce ta riga ni shigowa da safe."

"To kai aikin me kake yi a nan?"

"Ƙofa, shara, awaki. Ruwa na iyali ne, haka kwamiti ya ce. Amma na yi aiki a ƙarƙashin Manjo shekara shida, ba zan ga itacensa na mutuwa in kau da kai ba. Ragowar ruwan butata nake zuba masa, sau biyar a rana. Ba don haka ba da tuni ya bi mai shi."

Alhaji ya zagaya asuwakin sau biyu, kamar mai neman ta inda zai fi girma. Ya ce lalle kuskure aka yi ranar dashe, an musanya allunan. Kofur ya ce shi ya ɗaure su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, sakataren kwamiti na karanto masa suna.

"Kofur, ka san su wa za su zo gobe? Janar guda, kanar biyu, duk da iyalansu. A ina zan zaunar da su? A wannan ranar? In ce musu ga inuwar Baba, kowa ya sa yatsa ɗaya?"

Ya ciro waya ya kira shugaban kwamiti, ya koma gefe. An ji yana cewa "gyara kaɗan" da "martabar gari" da "ai ka san ni". Ya dawo ya ƙara muryar wayar don Kofur ya ji da kunnensa, shugaban yana cewa Alhaji ya yi duk yadda ya ga ya dace. Daga nan ya tafi mota da kansa, ya buɗe but, ya dawo da sifana.

Kofur ya ce, "Ranka ya daɗe, umarni umarni ne, ba zan hana ba. Amma da an jira mai wurin."

"Wane mai wuri kuma?"

"Ga ta nan tafe."

Wata tsohuwa ce ta shigo, 'yar siririya, da bokitin ruwa a ka, tana tafiya a hankali don kar ya zube. Iya Tasalla kenan, matar marigayi Nomau. Daga famfon tsallaken titi take ɗebowa, safe da yamma, tun ranar da aka yi dashe. Ta wuce su ta nufi katanga, suka bi ta a baya. Ta sauke bokitin a gindin babban mangwaron, ta miƙe tana dafe da baya, sannan ta dubi baƙin.

"Sannunku da zuwa. A'a! Wannan ba ɗan Manjo ba ne? Munzali?"

"Ni ne, Iya. Ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ka yi ƙiba. Ai na tuna ka ranar dashe, kai ne ka riƙe dashen da yatsa biyu don kar farar shaddarka ta ɓaci. Ya Abuja? Ya yara? Wannan ce uwargidan? Sannu 'yata." Sai idonta ya sauka a kan sifanar. "Mota ce ta lalace?"

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya yi mata bayani a tsanake, irin na wanda ya saba zama a taro. Ya ce manyan baƙi za su zo. Ya ce lambun nan an tsara shi ne bisa girma, amma yanzu ido yana ganin wani abu daban, kuma wannan bai dace da tsari ba. Ya ce allon Manjo zai dawo nan, na Malam Nomau ya koma can gaba, wanda ma ƙarin girma ne gare shi, tunda sahun hafsoshi zai shiga.

Iya Tasalla ta saurara har ya gama.

"Aro ne ko ƙwace?"

"Gyara ne, Iya."

"Na gobe kaɗai?"

"To, in an riga an buga a kalanda, ai ba za a sake canzawa ba."

"Uhm." Ta dubi sama cikin rassan. "Ka san ni ban taɓa shan ɗa ɗaya a jikinsa ba? Haƙora sun ƙi. Masu wucewa ke sha, da 'yan acaɓa da ke hutawa a bayan katanga. Kowa ya sha sai ya leƙo ya karanta sunan, ya ce Allah ya jiƙan Nomau. Abin da nake ɗaukar ruwa saboda shi kenan. Mutumin nan sau uku yana shiga wuta yana fito da mutane, a na huɗu rumfa ta rufto masa. Ba ni da abin da zan aika masa sai inuwa."

"Allah ya jiƙansa. Amma Iya, ai lada Allah ya san mai shi. Allah ba ya buƙatar allo."

"Gaskiyarka, ɗan nan. To wa ke buƙata?"

Mai hoto ya yi tari, ya juya yana duba na'urarsa. Hajiya ta gyara mayafi ta rufe baki.

"Iya, ba wasa ya kawo ni ba. Manjo ne fa. Manjo guda."

"Na san Manjo tun ba a haife ka ba. Ya zo sunan ɗana na fari, ya tarar tabarma ta cika, aka tashi za a ba shi wuri, ya ce wanda ya riga shi zuwa ya riga shi zama. A kan turmi ya zauna har aka shafa."

Kofur ya ce, "Haka yake. Ko a daji sai kowa ya ci yake ci."

"Kai Kofur, ban tambaye ka ba." Alhaji ya share gumi. Rana ta fara ɗagawa, kuma ya lura duk wannan gardamar a inuwar Nomau ake yinta. "Iya, kwamiti ya riga ya yarda. Girmamawa ce ta sa nake gaya miki. 'Ya'yan itacen kuma ba wanda zai hana ki, ki tsinka ki ba wanda kike so."

Hajiya ta ce a hankali, "Alhaji, da ka sa an kawo rumfa gobe, ai da shi kenan."

"Rumfa a kalanda? Ki bar ni, Hajiya."

Ya durƙusa a gaban turken, ya tattare babbar riga, ya ɗora sifana a kan noti na farko. Kofur ya kau da kai. Kowa ya zaci tsohuwar za ta riƙe turken, ko ta yi kururuwa mutanen titi su shigo.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "To kwance, ɗan nan. Allah ya ba da sa'a. Kofur, kama mini."

Kofur ya ce, "Iya!"

"Kama mini, na ce."

Ya kama mata bokitin, ta aza a ka, ruwan ko ɗigo ba ta zuba ba. Ta juya ta nufi ƙofa. Alhaji ya ɗago.

"Iya, ina za ki da ruwan kuma?"

"Wajen mijina mana. Ba ka ce ya tashi ya koma gaba ba?"

Ta taka har sahun farko, ta sauke, ta tona gindin asuwakin da hannu ta yi masa kwari, ta tsiyaya ruwan a hankali har ƙasa ta shanye. Ta aiki Kofur ya nemo mata ƙaya a kewaye shi saboda awaki. Alhaji, da ya ga abu ya zo da sauƙi haka, sai fara'a ta dawo masa. Ya ɗaga murya daga inda yake durƙushe.

"Yauwa Iya! Kin ga yanzu kowa ya huta. An gyara, an wuce wurin har abada."

Iya Tasalla ta karkaɗe hannu, ta ɗauki bokitinta.

"Ka dai ajiye sifanar nan inda ba za ta yi tsatsa ba, ɗan nan. Nan da shekara goma za ka sake nemanta."