Katin Zane a Kwamfutar Kaka

"Lafiya lau muka tashi, tsohon mijina. Kai ne dai na ga doronka ya ƙaru."

"Nauyin aurenki ne. Me kika kwaso mana kuma, amaryar wahala?"

Jikarsa ce, mai karatun zanen gine-gine. Ta dire kwali a kan teburinsa tana haki. Kwamfutarta ta hannu ta mutu, gobe kuma za ta tsaya gaban malamanta ta nuna ginin da ta shekara tana zanawa. Ba wata na'ura da ta rage mata sai ta kakan, ita ma sai an sauya mata katin zane, wanda ke fitar da hoto a fuskar kwamfuta. Shi ne ta aro wurin ƙawarta.

Tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rediyo, tun zamanin da sai ka kunna ka jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Kwamfutar nan da kansa ya harhaɗa ta bayan ya ajiye aiki, kuma hannun kowa bai taɓa shiga cikinta ba sai nasa. Abin da jikar ba ta sani ba, hannun nan na dama ya fara rawa tun watannin baya. A aljihu yake ɓoye shi, shayi ma da hagu yake sha.

Ya tambaye ta ko ta duba katin zai dace da madabod, wato babban allon da komai na cikin na'urar ke hawa kansa. Ta ce ƙawarta ta ce duk ɗaya ne. Ya ce lallai ƙawar nan a ba ta lambar yabo, ita da mai sayen takalmi bai auna ƙafa ba.

"In ginin naki haka kika zana shi, ki faɗa mini unguwar da za a yi shi, in daina bi ta nan."

"Kai da ko tsallaka titi sai an riƙe ka? Buɗe mana, Kaka. Rana tana yi."

Da hagu ya kwance murfin, a hankali, yana fakewa da cewa na'ura ba ta son gaggawa. Ya sa ta haska fitilar wayarta ta karanto masa rubutun da ke jikin allon. Ya nuna mata dogon gurbin da tsohon katin ke ciki, suka gwada da haƙoran sabon: iri ɗaya ne. Ya sa ta auna tsawonsa da rula. Zai shiga, da ƙyar, saura kamar faɗin yatsa ya taɓa fanka. Sai akwatin da ke ba na'urar wuta. Ta karanto ƙarfinsa, ya shiga lissafi a ka, ita kuma tana cizon leɓe. Can ya ce zai ɗauka, ga ma igiyar da katin ke bukata a naɗe a gefe. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ashe auren tsoho yana da rana.

Saura cire tsohon katin. A ƙarshen gurbin akwai wata 'yar sakata ta roba, can cikin lungu, sai an danna ta da bakin sukurdireba kafin kati ya saki. Kewaye da ita siraran hanyoyin wuta ne kamar gashi. Ya san abin da zamewa ɗaya ke yi a wurin nan, ya sha ganin allon da aka kawo masa da irin wannan rauni, ba ya tashi. Hagu ba za ta iya ba. Ya zaro dama daga aljihu.

Bakin ƙarfen ya doshi sakatar, ya kauce, ya dawo, ya ƙwanƙwasa gefen gurbin. Ya janye, ya share hannu a riga, ya ce fitilar ce ba ta riƙe daidai ba. Ba ta rama ba, kuma rashin ramawar ya fi masa ciwo. Ya sake kai hannu. Wannan karon rawar har gwiwar hannunsa.

Ta riƙe masa wuyan hannu.

"Kaka, wannan ƙaton hannun naka ba zai shiga nan ba. Kullum ina faɗa maka ka rage ci."

Ya dube ta. Idonta ya ciko, amma bakin yana nan da tsiwarsa.

"In kika fasa mini allo, yau za ki koma gidan ubanki."

"Da ma a can nake kwana. Riƙe fitila."

Ya saki sukurdireban. Ya gaya mata ta kwantar da shi, kada ta soka, ta danna a hankali har ta ji ƙas. Hasken fitilar sai yawo yake a kan allon, ita kuma ta bi shi a haka. Sakatar ta yi ƙara, kati ya fito. Ta zura sabon, ta danna har ya zauna, ta haɗa igiyar wuta, ta ɗaure kusoshi.

Ta kunna. Fankoki suka juya, fuskar kwamfutar tana nan baƙa ƙirin. Can sai haske ya kawo.

Ta zube a kujera, ta miƙo masa sukurdireban. Ya mayar da hannunsa aljihu.

"Riƙe shi. Na sallame ki ke nan, kin fi ƙarfina."

"Da sukurdireba ake sallamar mace? Sai ka haɗa da akwatin kayan aikin gaba ɗaya."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya sa ƙafa ya turo mata akwatin daga ƙarƙashin tebur.