Ranar da Gemuna Ya Narke a Ajin Zane

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gemuna ya narke a gaban ɗaliban zane ba. Ya zubo mini a kan rigar aro ina zaune a kujera, matar da nake nema da aure kuma tana tsaye a bakin taga tana kallo. Abin da ya faru ke nan. Sauran duk bayani ne.

Ni maƙeri ne a Kurmin Mashi. Ban yi boko ba. Na yi allo iya abin da zan yi sallah, daga nan mahaifina ya zaunar da ni gaban zuga-zugi. Mota ta taɓa faɗuwa da ni a hanyar Zariya, ta bar mini tabo a goshi, ta tafi da haƙorana na gaba. Gobara ta ci rumfata, na sake kafa wata. Matata ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Duk a cikin wannan babu wanda ya taɓa ganin hawayena. (Na faɗa ne don ku san ba rago abin ya samu ba.)

A bakin layinmu akwai Talatu mai waina. Mijinta ya rasu da jimawa. Na aika mata, shiru. Na je da kaina, na tsaya har ta sallami masu saye, na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta daina juya wainarta ba.

"Maƙeri, ni fa na yi jinyar tsoho ɗaya har na ga bayansa. Ba ni da ƙarfin na biyu."

Tana faɗa tana kallon gemuna. Fari ne fat, ba ko sili ɗaya baƙi.

A kwanakin nan ne wata malama ta fara zuwa rumfata. Dakta Asabe ake ce mata. Tana koyarwa a wata kwaleji ta wajen Unguwar Dosa, inda ake horar da waɗanda za su zama malaman zane, kuma tana rubuta littafi a kan sana'o'in hannu don yaran firamare. Sai ta zauna kan benci, ta ajiye wayarta kusa da bakina, ta yi ta tambaya. Mace mai haƙuri ce, ni ne dai ba ni da abin ba ta.

"Baba, me kake ji a ranka idan ka ga ƙarfe ya yi ja?"

"Zafi."

Ta jira ko akwai ƙari. Babu.

Da ta ga bakina ba zai cika mata littafi ba, sai ta koma kan fuskata. Ta ce ba ta son hoton waya. Tana so in zo ajinta in zauna ɗalibai su zana ni da hannu, wanda ya fi kyau shi za a sa a littafin. "Ka zo yadda kake, Baba," in ji ta. "Wannan fuskar muke so, da tabon da komai."

Na ji ta sarai. Amma lissafina daban. Na ce a raina, idan Talatu ta gan ni cikin babbar riga, gemu baƙi wuluk, 'yan boko sun kewaye ni suna zana ni kamar gwamna, maganar jinya ta ƙare. Da Dakta ta ce tana neman mai kawo wa ɗalibai abinci a ranar, kafin ta rufe baki na ce akwai mai waina a layinmu. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata.

Riga na aro wurin abokina Sabo, tsohon masinjan ma'aikata da ke zaune a Doka. Farar shadda ce, wadda ya ɗinka don auren 'yarsa. Ya fito da ita daga ƙasan akwati tana ƙamshin kafur, ya riƙe ta bai saki ba.

"Ba miya, ka ji ko? Ba goro. Ko shayi aka ba ka, ka ce kana azumi."

Na ce na ji.

Rinin gashi kuwa a kasuwa na saya, ɗan kwali mai hoton wani mutum yana murmushi da gashi kamar gawayi. A ciki akwai wata takarda mai ƙananan rubutu. Na ƙunshe goro da ita. Da safen ranar na dama garin da ruwa, na laɓta wa gemu, na laɓta wa gashin baki. Ya yi saura, na ga asara ce a zubar, na shafa wa gira. Daga baya ne aka gaya mini wai idan ya ɗan jima wankewa ake yi. Ni da na yi shekaru ina shafa wa ƙofar ƙarfe fenti, ban taɓa ganin wanda ya shafa sannan ya bi da ruwa ba. Na bar shi ya bushe. Ya ƙame kamar tsintsiya, sai na bi shi da man shafawa don ya yi sheƙi. Na ja hula ta rufe tabon. Na duba madubi, na ga wani mutum da ban sani ba, kuma wallahi ya burge ni.

A ƙofar ajin Dakta ta wuce ni tana waige-waige. Ta dawo ta sake wuce ni. Sai da na yi gyaran murya.

"Baba? Kai ne?"

"Ni ne."

"Ina gemun?"

"Ga shi."

Ɗalibai sun riga sun kafa allunansu, babu halin komawa. Ta zaunar da ni kan wata doguwar kujera a tsakiya, ta juya mini haɓa wajen taga.

"Sharaɗi ɗaya ne, Baba. Kada ka motsa. Ko ƙuda ya sauka maka a hanci, ka bar shi."

Ta juya wajen ɗalibai. "Ku kuma, abin da idonku ya gani za ku zana, ba abin da kuke zato ba. Wanda ya gyara ko ya ƙawata, zan rage masa maki."

Ba a jima ba aka leƙo aka ce ana nemanta a taro. Ta fita. Fitarta ke da wuya aka ɗauke wuta.

Bazara ce, rufin kwano ne, ga ni cikin shadda mai sitaci. Fankar sama ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Gumi ba baƙona ba ne, a gaban wuta na girma, don haka da na ji abu yana bin wuyana ban damu ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ɗaliban. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye fensir suka ɗauki gawayin zane. Wata yarinya a gaba ta cusa bakin hijabinta a baki, kafaɗunta suna rawa. Wani dogo ya ɗaga hannu.

"Baba, don Allah, akwai…"

Na harare shi ba tare da na juya kai ba. Ta gefen baki na ce, "Yi aikinka."

Ya yi aikinsa. Duk suka yi aikinsu. An ce musu su zana abin da suka gani, ni an ce kada in motsa, kowa ya riƙe amanarsa.

Sai gira ta sauko. Ta shiga idon dama, ta shiga na hagu. Yaji kamar an watsa mini barkono. Ni da ban yi kuka a ƙarƙashin mota ba, ban yi ba ranar gobara, sai ga hawaye shar-shar a gaban 'ya'yan mutane. (Baƙaƙe, kamar yadda na gani daga baya a kowane allo.) Na saukar da ƙwayar ido a hankali na dubi ƙirjina. Rigar Sabo ta koma kamar an wanke allon rubutun sha a kanta. Ɗigo yana sauka daga haɓata, ɗis, ɗis, ina jin sa.

A nan ne ya kamata mai hankali ya tashi. Na yi tunanin haka. Amma na ga idan na tashi na yarda ke nan cewa wani abu ya faru. Na ƙara ƙamewa.

Sai na ji ƙamshin waina.

Ba sai na juya ba, dama taga aka sa ni in kalla. Ga Talatu da kula a ka, ta leƙo tana neman inda za ta sauke. Idonta ya wuce ni, ya dawo. Ta matso da fuska jikin ƙarfen tagar.

"Innalillahi! Wa ya kife wa Maƙeri tawada?"

Ajin ya fashe. Mai hijabi ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Dogon ya fita waje da gudu, ina jiyo shi yana tari. Ni kuwa ina nan yadda aka ajiye ni, haɓa a sama, ina kallon matar da na yi wa ado ido cikin ido, gemuna yana ɗiga.

Haka Dakta ta dawo ta same mu. Ta dafe kai.

"Haba Baba! Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Kin ce kada in motsa."

A famfon bayan ajin na wanke. Gemun ya fito ba fari ba, ba baƙi ba, wani launi kamar na tsohuwar tukunya. Fatar wuyana kuwa ta kama da kyau, ita ce ta fi gashin karɓar rinin.

Da yamma na kai wa Sabo rigarsa. Ya baza ta a kan igiya, ya daɗe yana kallo.

"Na ce miya. Na ce goro. Na ce shayi. Ban san sai na ce gemu ba."

Marina aka kai ta aka rine ta gaba ɗaya. Har yau idan ya sa, sai ya gaya wa mutane da fara ce.

Na daina bi ta bakin layi. Sai in zagaya ta bayan masallaci, in tsallake kwata, in shiga rumfa. Ina cikin wannan zagaye wata safiya na ɗaga kai daga uwar maƙera, na ga Talatu tsaye da wata tsohuwar tanda a hannu, wai ta kawo gyara. Tandar lafiyarta lau.

"Don wa ka yi rinin?" ta ce.

"Kin sani."

"Tun hantsi abu yana shiga maka ido, ba ka ce uffan ba?"

"An ce kada in motsa."

Ta zauna kan bencin da Dakta ke zama. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi.

"Marigayi, Allah ya jiƙansa, ko sauro ya cije shi sai unguwa ta ji. Tsufa dai kana da shi, Maƙeri, babu kwalin da zai raba ka da shi. Amma ban taɓa ganin namijin da mace za ta gaya wa magana ɗaya ya riƙe ta haka ba. Turo magabatanka."

"Duk sun mutu."

"To turo Sabo. Ka ce ya sa rigar."

Littafin ya fito. Dakta ta kawo ɗalibanta rumfa suka sake zana ni da farin gemuna, da tabona, da rigar aiki mai hujin tartsatsi, kuma shi aka sa. Na ranar farko kuwa, wanda mai hijabi ta zana ta ci maki mafi yawa da shi, Talatu ta roƙa aka ba ta. Ta sa an yi masa gilashi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan aka ce ka zo yadda kake, ka je yadda kake. Takarda mai ƙananan rubutu kuma, ka nemi mai karanta maka kafin ka ƙunshe goro da ita.

Yanzu ina nan Kurmin Mashi, rumfa ɗaya, gemu fari fat. Da safe ina cin waina ba tare da na bi layi ba. Zanen yana rataye a falonmu, daidai inda baƙo zai fara gani. Duk wanda ya tambaya, Talatu ce ke ba da labarin, tana ƙara masa gishiri duk shekara. Ni ina gefe a zaune. Ba na motsi.