Ranar da Na Sayi Ragon Gidana a Gwanjo

Shekara ashirin ina dillancin hatsi, kuma a ganina babu ƙofar da rago ba ya buɗewa. Da ƙaramar hukumarmu za ta ba da hayar shagunan bakin tasha, sai na kwance ragon da maiɗakina take kiwo, na ja shi har ofishin Malam Habu, jami'in kadarori.

Ya dubi ragon, ya dube ni a gaban jama'a. "Alhaji, hukuma ka kawo wa ko ni?"

Na ce, "Haba ranka ya daɗe, hukuma mana!"

Ya yi godiya, ya sa aka rubuta wa ragon lamba da fenti, ya miƙo mini fom kamar kowa. Wallahi mutumin ya burge ni, ko murya bai ɗaga ba.

A gida Hajiya ta ce in ragonta bai dawo ba, in nemi mai tuƙa mini tuwo. Na koma, Malam Habu ya ce kayan hukuma ba ya fita sai ta gwanjo.

Ranar gwanjon abokaina suka yi ta ƙara tayi don tsiya, har na biya kuɗin rago biyu. Shagon kuwa ƙuri'a ta ba wani.

Har yau in na shiga kasuwar Ɗambatta sai an ce, "Alhaji, yau me za a kai wa hukuma?"