Ranar da Na Shayar da Injin Baba Fetur Tsantsa

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Asabar ɗin da na tara mutanen garinmu a hanyar rijiya, domin su shaida yadda ilimi yake tayar da mataccen inji. Sun kuwa shaida, sai dai ba abin da na gayyace su su gani ba.

A lokacin ina magatakarda a garinmu da ke wajen Kunci, ni ke riƙe da rajistar haihuwa da ta mutuwa. Shekarun wahalar mai ne, lokacin da mutum kan wuni a layi ya dawo da galan ba komai, 'yan bumburutu kuma suna garwaya fetur da kananzir suna sayarwa a bakin titi. Na tsani wannan algus ƙwarai, har takardun koke uku na rubuta a kansa (kwafinsu na nan a akwatina, amsa ce dai har yau ba ta iso ba).

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sana'arsa yankan itace. Yana da wani jan inji mai sarƙa, ƙirar Jamus, mai nauyi kamar ɗan maraƙi. Ina yaro, idan ya tayar da shi a gona ana jin ƙararsa har tsakar gidanmu, sai Inna ta ce Malam ya fara, ta tashi ta ɗora tukunya. Ni kuwa makarantar kwana ta ɗauke ni, na dawo da farar riga da alƙalami a aljihu. Ban taɓa bin sa gona ba. Gaskiyar da ba na son faɗi ita ce, kunyar baƙin man da ke cikin faratansa nake ji.

Bayan rasuwarsa injin ya yi shekara bakwai a ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhuna. Idanun Inna kuma suka soma dushewa. Wata rana tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce garin ya yi shiru tun da injin nan ya daina kuka, da za ta sake jin sa ko sau ɗaya da ta ji daɗi. Ba roƙona ta yi ba, da gyaɗarta ma take magana. Amma maganar ta zauna mini a zuciya, na ƙudura cewa abin da na kasa yi wa Baba da ransa, zan yi wa injinsa.

Na kwance shi gaba ɗaya a kan tabarma. Littafin da ya zo da shi gara ta cinye, sai shafi biyu masu zanen kayan ciki da lambobinsu. Na sayi sabon littafin rubutu, na shigar da kowane ƙarfe da lambarsa. A jikin mariƙin injin na tarar da wani gwangwanin madara, baƙi, a lotse, an ɗaure shi da waya. Na duba zane, babu gwangwani. Na rubuta cewa ba ya cikin kayan asali, na yanke wayar, na jefa shi juji.

Fulogi da igiyar ja ba su ba ni wuya ba. Kafireto kuma Malam Sule ya wanke mini shi, wani bakanike a Gezawa mai gyaran injin ban ruwa, wanda bai yi karatun boko ba amma yana gane ciwon inji daga ƙararsa. Fistan da zobensa su ne suka ba ni wahala, domin an daina ƙera irinsu, shigo da kaya kuma ya tsaya. Malam Sule ya ce a goge zoben injin feshi da magagari har ya hau. Na ƙi, saboda lambar ba ta yi daidai da ta littafina ba. Wata takwas ina zagaye. Daga ƙarshe a wajen 'yan katako a birni na iske wani dattijo yana tokare ƙofar rumfarsa da gawar irin injin, fistan ɗinsa lafiya lau. Da yake miƙo mini ya ce in lallaɓa shi, daga wannan sai Jamus, can ɗin ma bai tabbata ba.

Ana haka iskar farkon damina ta kayar da tsohon itacen gawon da ke hanyar rijiya, ya tare hanyar gaba ɗaya. Mai unguwa ya tara maza da gatura. Na roƙe shi a ba ni kwana uku, inji zai gama aikin kafin hantsi. Kwana ukun nan mata suna zagayawa ta cikin shukar mutane da tuluna a ka, ni kuma na yi biyu daga ciki a layin gidan mai, domin in sami fetur tsantsa wanda hannun ɗan bumburutu bai taɓa ba.

Ranar Asabar Inna ta ce ba za ta fito ba, daga gida ta saba jin sa.

Jama'a sun cika. Malam Sule ya zo takanas daga Gezawa. Ina buɗe galan sai na ga ya zaro kwalbar baƙin mai daga aljihu zai tuttula a ciki. Na kama hannunsa.

"Malam Sule, har kai ma?"

"Ranka ya daɗe, irin wannan injin ba ya shan fetur gayansa. Sai an sirka masa da mai."

Sai na buɗe littafina, na ɗaga zane sama yadda kowa zai gani. Na bayyana cewa injin tanki biyu gare shi, na fetur da na mai, na kuma cika na man da hannuna. Da maƙerinsa yana son a gauraya su, da tanki ɗaya ya yi. Malam Sule ya ce wancan man na sarƙa ne, ba ya shiga cikin inji. Ban saurare shi ba. Na shiga jawabi a kan yadda algus ya ci ƙasar nan, har ya kai mutum ba ya iya ganin abu mai tsabta bai gurɓata shi ba (na lura wasu dattawa suna gyaɗa kai, abin da ya ƙara mini ƙarfi). Malam Sule ya mayar da kwalbarsa aljihu, ya ja baya, ya ce:

"Jama'a ku shaida, na faɗa."

A ja na uku injin ya tashi. Ba ni da kalmar da zan kwatanta abin da na ji. Ƙarar nan ce dai, wadda take shigowa ta kan katanga ina kwance a tabarma lokacin hutun makaranta. Hannuwana suna riƙe da wurin da hannun Baba ya goge fenti. Na ɗora sarƙa a jikin gawo, garin itace ya fara feshi, idona ya cika da ƙwalla, na bar mutane su ɗauka garin ne ya shiga.

Sai ƙarar ta soma sirancewa. Wani ƙauri ya tashi. Injin ya yi wani tari, ya tsaya cak, sarƙarsa a maƙale cikin itace. Na ja igiya, ta ƙi motsi. Malam Sule ya matso ya taɓa, ya janye hannu da sauri, ya ce a hankali fistan ya kama, ya narke a ciki. Minti huɗu ke nan a agogona.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce a ɗauko gatura. Sai da aka sare itacen kafin a ciro injin. Ina tsaye da littafi a hammata, wani abokin wasana ya ɗaga murya:

"Malam magatakarda, a wace rajistar za ka sa shi, ta haihuwa ko ta mutuwa?"

Wani daga baya ya amsa cewa duka biyun, rana ɗaya.

Na shiga gida da injin a kafaɗa. Na tarar Inna ta ɗora tukunya, alhali lokacin girki bai yi ba.

"Na ji shi," ta ce. "Amma muryarsa a bushe take. Ina gwangwanin?"

Na tambaye ta wane gwangwani, ko da yake na riga na san amsar.

"Na madara, da ke rataye a jikinsa. Cikinsa ɗaya na mai a galan na fetur. Ni nake auna wa babanka kowace safiya."

"Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Na ga kana da littafi."

Da yamma na tone jujin nan da fartanya har ƙasa, amma an riga an kwashe shi an kai gona taki. Fistan kuma ban sake samun irinsa ba. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba har ta koma ga Mahaliccinta. Takan ce dai ta ji shi, ya ishe ta. Ni ne minti huɗun ba su ishe ni ba.

Injin yana ɗakina har yau, ina goge shi duk Juma'a. Abin da na koya kuwa, na shigar da shi a shafin ƙarshe na littafin: idan ka ga abin da ba ya cikin zane an ɗaure shi da waya, kafin ka yanke, leƙa tsakar gida ka tambayi mai ɗora tukunya.