Rasuwar Tsoho, Injin Iskar Mai Faci

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, mai facin bakin kwana yana sanar da direbobi, masu kekuna da maƙwabta rasuwar injin iskarsa, wanda aka fi sani da Tsoho. Ya cika ranar Asabar da tsakar rana.

Direbobi sun shaidi mamacin da cewa bai taɓa sallamar taya da yunwa ba. Mai shayi ya ce da tarinsa yake sanin gari ya waye. Uwargidan mai faci ta ce shi ne maigidan na gaskiya, tunda shi ke ciyarwa, mijinta rakiya kawai yake yi. Telan shagon kusa kuwa cewa ya yi, Allah ya ji ƙansa, amma ya cika surutu.

Tsoho gado ne da mai faci ya ci daga yayansa. Maganarsa iri biyu ce: tuk-tuk-tuk idan yana haɗiyar iska, sai tsssss idan rana ta take, ta wani ɗan bawul da ke ƙeyar tankinsa. Wannan ta biyun ce ta jawo ajalinsa.

"Maƙwabci," in ji tela wata rana, "tsohon nan naka tsaki yake ja mini kullum. Ni da shagona?"

Wani direba ya ƙara da cewa ai asarar iska ce, a toshe kawai. Mai faci mutum ne mai jin maganar kowa, ba ya musu. Ya samo waya ya ɗaure bawul ɗin tamau. Layi ya yi tsit, tela har da kawo masa shayi.

Da furfurarsa mai faci ya shiga ajin manya. A safiyar Asabar ɗin, da sauran sanyi, ya cika tankin maƙil don ya dawo ya tarar da iska, ya bar shi a fili, ya tafi aji. Malama ta toshe bakin sirinji da yatsa ta danna, ta ce idan aka rage wa iska fili, matsinta yana ƙaruwa. Ta ɗaura balan-balan a bakin kwalba ta tsoma cikin ruwan zafi, ya kumbura, ta ce idan iska ta ji zafi, fili take nema. Mai faci, wanda tun shigarsa ajin bai taɓa ɗaga hannu ba, ya ɗaga.

"Malama, idan tukunyar ƙarfe ce fa, ba ta miƙewa?"

"To, Baba, matsin ne zai yi ta hawa. Shi ya sa ake bar mata ƙofar huci."

Bai nemi izini ba, ya fita da gudu irin na mai shekaru. Yana shan kwana ya ji kalmar Tsoho ta ƙarshe: ɗum! Cikinsa ya tsage ta ƙasa, inda tsatsa ta daɗe tana ci. Allah ya kiyaye, bai tafi da kowa ba, sai gilashin shagon tela.

Ya bar tiyo, da jak, da bahon neman huda, da geji mai allurar da ta maƙale bayan jan layi ta ƙi dawowa. Ya bar tayoyin da masu su suka zo suka kwashe zuwa wani layi. Ya bar iyali masu ci sau uku. Mai walda ya duba gawar ya ce tankin da ya fashe ba a ɗinke shi. Mai rumfar da mai faci ke haya ya ce wuri ba ya zama babu aiki, har mai sayar da wayoyi ya zo ya auna faɗinta da ƙafa.

Gobe da hantsi mai gwangwan zai zo da amalanke ya ɗauki mamacin zuwa sikeli. Ba za a zauna karɓar gaisuwa ba, don bencin ma na aro ne.

Ɗazu aka kwance Tsoho daga kan katakonsa. Tela ya matso yana murza hannu, zai ce wani abu, mai faci ya girgiza masa kai. Ya durƙusa, ya dafa ƙarfen, ya faɗa da muryar da duk layin ya ji:

"Tsoho, ka yafe mini. Ciwo kake faɗa, na ɗaure maka baki."